Ranar da Anti ta ce mana "wa"

Duk wanda aka haifa a Sabo wajajen 1970 ya san yadda aka ɗauke mu makarantar boko. Ba a tambayi takardar haihuwa ba, don babu mai ita. A jera ku a layi, a ce ka ɗora hannun dama a ka, ka kamo kunnen hagu. In hannu ya kai, ka isa shiga aji ɗaya. In bai kai ba, sai baɗi. A watan Satumba na 1976 ne, shekarar da gwamnatin Obasanjo ta buɗe shirin firamare kyauta a duk faɗin ƙasa, wanda ake ce wa UPE. Mu tara muka fito daga layinmu a wannan safiya, an yi mana aski ƙwal, an saka mana yunifom ɗin da tela ya ɗinka da niyyar ya kai mu aji uku. Wando har ƙasan gwiwa, riga kamar ta aro.

Su maƙwabtanmu Yarbawa abin ba baƙo ba ne a wurinsu, domin tun 1955 Awolowo ya buɗe musu firamare kyauta a Jihar Yamma. Yawancin yaran da muka tarar a ajin, ko dai iyayensu sun yi makaranta, ko yayyensu suna yi. Mu kuwa da yawa daga iyayenmu shekara ashirin suka yi suna kallon abin daga nesa, suna huldar goro da shanu, suna cewa karatun allo ya wadatar. Cikin mu tara babu wanda aka taɓa buɗe littafin boko a gidansu. Yarbanci ma ɗan na kasuwa muke ji, na "nawa ne" da "rage mini". Turanci kuwa ko a mafarki.

Da muka isa aka raba mu biyu. Biyar aka kai ajin wata malama Bayarabiya, gajeriya, mai tabarau, wadda kowa ke ce wa Anti. Huɗu aka kai ajin da ke kusa, wurin wani malami da ba ya rabuwa da tsumagiya. Ba wani zaɓe aka yi ba, yadda muka tsaya a layi haka aka yanka. Mu masu wannan rubutu muna cikin biyar ɗin.

Muna tsaye a bakin ƙofa, Anti ta dube mu ta ce, "Wa." Sai muka waiwaya baya gaba ɗayanmu, muna neman wanda take tambaya. Ta sake cewa, "Wa!" Wani daga cikinmu ya yi ƙarfin hali ya ce, "Ba kowa." Aji ya fashe da dariya, har da masu faɗuwa daga benci. Ashe a Yarbanci "wa" ɗin nan "zo" take nufi. Mu dai muka tsaya tsuru-tsuru, hawaye ya cika ido, muna jiran bulala. Anti ba ta ɗauki bulala ba. Ta tsawata wa masu dariya, ta taso da kanta, ta kama hannun ƙaraminmu ta kai shi benci na gaba, ta yafito sauranmu da hannu. Sannan ta nuna bencin ta tambaye mu da alama, yaya ake cewa a yarenku? Muka ce, "Zauna." Ta maimaita, "Sauna." Wannan karon mu ne muka yi dariya, ita ma ta yi.

Daga ranar ta fara tara Hausa kamar mai tara kwabbai a asusu. Yau ta zo da "tashi", gobe ta zo da "sannu", jibi "yi shiru". Daga baya muka ji cewa wurin mahauta take tsayawa in ta je sayen nama, ta tambaye su kalma biyu ko uku, ta rubuta a bayan littafin rajista. Hausarta ba ta taɓa miƙewa ba har muka bar hannunta, amma ta ishe mu mu gane cewa wannan mata ba ta ɗauke mu dabbobi ba.

Abu na biyu da ta yi shi ne wanda har yau muke mamakinsa. Da aka ba mu silet da alli aka ce mu kwaikwayi abin da ke kan allo, duk mu biyar daga dama muka fara, muna tafiya hagu. A ajin da ke kusa, a kan wannan kaɗai 'yan'uwanmu huɗu sun sha duka, an kira su "olodo", wato daƙiƙai. Anti kuwa ta tsaya tana kallo. Ta ga yadda muke riƙe alli, ba irin riƙon wanda bai taɓa rubutu ba. Ta miƙa wa ɗayanmu allin ta ce ya rubuta abin da ya iya. Ya zana mata baƙaƙen Larabci reras, irin wanda Malam ke rubuta mana a zaure. Ta ɗaga silet ɗin ta nuna wa aji, ta yi musu wani dogon bayani da Yarbanci. Ba mu ji duka ba, amma mun ga yadda 'yan ajin suka dube mu. Daga baya wani abokinmu ya fassara mana: ta ce waɗannan yaran sun riga ku fara karatu, hanyarsu ce kawai ta bambanta da tamu.

Kuma gaskiya ta faɗa. Tun muna shekara huɗu muke zuwa zauren Malam da ɗan allonmu. A can muka yi babbaƙu, muka shiga farfaru. A can muka koyi zama wuri ɗaya, da sauraro, da maimaita abu har ya zauna, da wanke allo, da jiran layi kafin a biya maka. Malam tsoho ne, idonsa ya fara rauni, kuɗin Laraba ma ba kowa ke kai masa ba, amma bai taɓa gajiya da ƙolo ba. Sai ya biya maka harafi ɗaya sau ashirin, murya ba ta tashi. Shi ne malaminmu na farko, kuma shi ya share filin da Anti ta zo ta yi shuka. Bambancin kawai shi ne Anti ta gane an share filin, malamin ajin kusa bai gane ba.

Lissafi ma haka. Da aka zo ƙirge da marafan kwalba, sai ta lura mun fi kowa sauri. Ina abin mamaki? A gidajen goro muka tashi. Kafin mu san harafin boko ɗaya mun san ƙwarya ɗari ce, mun ga ana kwance huhu, ana zaɓe, ana ƙirgawa biyar-biyar. Sai ta riƙa barinmu mu ƙirga da Hausa tukuna, sannan mu faɗa da Yarbanci, sannan da Turanci. Kafin a yi hutun Kirsimeti, yaran da suka yi mana dariya su ne ke matsowa kusa da mu in an ba da lissafi.

Wata Asabar muna wasa a ƙofar gida sai ga Anti cikin Sabo, da lema a hannu, tana tambayar gidan su wane. Ɗayanmu ne ya yi mako guda bai je ba, an tsayar da shi jiran rumfa. Ta yi sallama a zaure, ta durƙusa ta gaida mahaifinsa irin gaisuwarsu, aka nemo mai fassara. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi barazanar hukuma ba. Ta ce, "Baba, yaron nan yana da kai. Ku ba ni shi da safe, da rana na dawo muku da shi." Tsohon ya yi shiru, can ya ce, "Mace ta tako tun daga gidanta saboda ɗana? To, na ji." Ya sa aka ƙulla mata goro. Ranar Litinin yaro ya koma.

Yanzu ga inda maganar take. Cikin mu biyar na ajin Anti, huɗu mun gama aji shida, muka ci gajiyar zamanin Bola Ige da aka riƙa raba littattafai kyauta. Na biyar ɗin a aji huɗu aka cire shi aka haɗa shi da motar goro zuwa Kano, amma ya fita da karatu da rubutu, har yau shi ke rubuta lissafin kasuwancinsa. Cikin huɗun ajin kusa, uku ba su ga ƙarshen shekarar farko ba. Ɗaya ya riƙa ɓuya a bayan tasha har a tashi, ɗaya ya ce ko za a yanka shi ba zai koma ba, ɗaya iyayensa suka ga shatar bulala a bayansa suka ce ya isa. Ɗaya ne tak ya jure. Ba su fi mu daƙiƙanci ba, wallahi. Akwai wanda a zauren Malam ya fi mu duka hadda. Tsayuwar layi ce kawai ta raba mu.

Ɗaya daga cikin ukun nan yau babban mutum ne a unguwa, Allah ya buɗa masa, yana da gidaje, ya je Makka ba sau ɗaya ba. Kwanakin baya ya kira mu ɗakinsa, ya rufe ƙofa, ya ciro wata takarda daga ƙarƙashin katifa. Yarjejeniyar hayar shago ce da ya dangwala wa hannu shekaru uku da suka wuce. Abin da aka karanta masa a lokacin daban, abin da ke rubuce daban. Muka karanta masa, muka fassara. Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Kuɗin ba su dame ni ba. Abin da ke ci mini rai, jikana ɗan aji uku zai iya karanta wannan, ni da furfura sai na rufe ƙofa." Sannan ya ce, "Kun tuna mutumin nan mai tsumagiya? Har yau in na ga allon makaranta sai gabana ya faɗi." Shekara kusan hamsin ke nan.

Ba don tuna baya kawai muka kawo wannan labari ba. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne abin da ke faruwa yau a ƙarƙashin hancinmu. A ɗaya daga cikin Islamiyyun unguwar nan akwai ajin ƙanana, 'yan shekara uku zuwa biyar, da ake yi da safe. Yarinya ɗaya ce ke riƙe da su, 'yar unguwa, ta yi NCE, tana jin Hausa da Yarbanci da Turanci. Mun leƙa ajin. Yara sun haura hamsin a ɗaki ɗaya, tabarma biyu, fanka ba ta aiki. Ita ce mai koyarwa, ita ce mai share majina, ita ce mai kai su bayi, ita ce mai raba faɗa. Duk da haka sai ka ga ta durƙusa daidai tsayin yaro tana yi masa magana, ta san sunan kowa da sunan uwarsa. Mun ga Anti a jikinta. To, wannan yarinya wata huɗu ba a ba ta albashi cikakke ba, don iyaye ba su biya ba. Ta faɗa wa shugaban makarantar cewa in zangon nan ya ƙare za ta ajiye, ta kama sana'ar POS a bakin titi. Wa zai ga laifinta?

In ta tafi mun san abin da zai biyo baya. Za a nemo wata ƙanwar wani da ta gama sakandare tana zaman jiran miji, a ba ta bulala a ce ta tsare su kada su yi surutu. Haka muke yi kullum. Babban malami mai takardu a kai shi ajin manya, ƙanana kuwa a ce ai kowa ma zai iya, wasa ne kawai suke yi. Nan ne muke kuskure babba. Likitoci sun tabbatar da cewa kafin yaro ya cika shekara shida ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman ta babban mutum. A waɗannan shekaru ne harshe ke zama, a nan yaro ke koyon ko tambaya abin yabo ce ko abin duka, a nan yake yanke wa kansa hukunci ko shi mai ganewa ne ko olodo. Magini ba ya ba yaron aiki harsashi ya ce shi sai an zo rufi. Tun ran gini tun ran zane.

Akwai kuma kuskure na ɗaya gefen, na waɗanda Allah ya hore wa. Sai a kai yaro ɗan shekara uku nazare mai tsada, a ɗora masa jaka kamar ɗan dako, a ba shi aikin gida shafi biyu, a hana shi Hausa a ce "banakula" ce. Ya dawo gida yana rera abin da bai san ma'anarsa ba, iyaye suna murna wai yaro yana Turanci. Ya kai aji uku a ba shi labari ɗan layi biyar ya karanta, ya karanta tsaf, a tambaye shi me aka ce, ya yi zuru. Mun san masu cewa, ai mu a Kurmi muke, in yaro bai kama Turanci da wuri ba za a bar shi a baya. Damuwarsu gaskiya ce, ba mu raina ta ba. Amma nan kusa da mu aka gwada abin. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara wani gwaji na shekara shida a firamare: wasu yara aka koya musu dukkan darussa da Yarbanci, Turanci kuma aka koyar da shi a matsayin darasi guda a hannun ƙwararren malami. Da aka auna, yaran nan ba su gaza a Turanci ba, a sauran darussa kuma sun yi gaba. Abin da Anti ta yi mana da marafan kwalba ke nan, ba tare da ta jira sakamakon kowa ba. Yaro ya fara ganewa da harshen da yake mafarki da shi, sauran harsuna za su hau a kai. Mu 'yan Sabo ma da Allah ya ba mu harshe uku a ƙofar gida, me zai sa mu yar da na farko?

Hukuma tana da nata nauyin, ba mu yafe mata ba. Dokar UBE ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas ne, ta kuma sanya kula da ƙananan yara kafin firamare a cikin shirin. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce mafi ƙarancin takardar malami ita ce NCE. Haƙƙinmu ne mu nema, mu ma haraji muke biya, a nan aka binne cibiyarmu. Amma mu faɗa wa juna gaskiya. Tun 1916 aka ware wa kakanninmu wannan unguwa. Tun 1948 jami'a take garin nan, daga Mokola mota ɗaya ce zuwa ƙofarta. 'Ya'yanmu nawa ne a ciki? In za a je asibiti, ko ofishin ƙaramar hukuma, ko caji ofis, mutum nawa ne muke juyawa a tsakaninmu don su yi mana magana? Ranar da rikicin kasuwar Shasha ya tashi a watan Fabrairun 2021, kowa ya ga darajar wanda zai iya tsayawa gaban hukuma da 'yan jarida ya faɗi namu da harshen da suke ji. Irin wannan mutum ba a jami'a ake fara yin sa ba. A kan tabarmar ajin ƙanana ake fara shi.

Kuma kada wani ya ce babu kuɗi. Talauci akwai shi, mun sani, akwai gidan da sai an yi talla ake ɗora tukunya. Amma mun ga abin da ake kashewa a suna ɗaya. Mun ga anko kala uku a biki ɗaya. Mun ga uba ya sayi waya ta dubban ɗaruruwa, ya miƙa wa ɗan shekara uku ya yi ta kallo don ya yi shiru, amma in malama ta aiko a biya kuɗin wata sai ya ce, "A ce mata ta yi haƙuri, kasuwa ba daɗi." Haba jama'a! Mai jiran shagonka ba ka ce masa ya yi haƙuri wata huɗu, don ka san kayanka ne a hannunsa. Ita fa ɗanka ne a hannunta.

Ga abin da muke roƙo, kuma ba mai yawa ba ne. Na farko, duk wanda ake bi kuɗin makaranta ya je ya biya kafin ƙarshen wata, ko rabi ne. Na biyu, ƙungiyoyinmu na 'yan goro, mahauta, 'yan canji, direbobi da 'yan gwari, kowace ta ɗauki albashin malamar ƙanana na wata ɗaya ko biyu a shekara, a ajiye a hannun amintattu uku, a riƙa karanta lissafin a bainar jama'a. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na uku, a raba ajin nan biyu a samo mataimakiya, domin mutum ɗaya ba zai iya da yaro hamsin ba ko waliyyi ne. Na huɗu, kuɗin Laraba na malaman zaure a daina mai da shi sadakar ganin dama. Su ma malaman ƙanana ne, su ne ma na farko. Na biyar kuwa ba ya cin ko kwabo: iyaye mata da kakanni a dawo da tatsuniya da kacici-kacici da dare, iyaye maza kuma in yaro ya dawo a tambaye shi me aka koya yau, a saurare shi har ya gama. A riƙa leƙa aji ana gaida malama. Gaisuwar nan kaɗai tana ƙara mata ƙarfi fiye da yadda muke zato.

Shekarun baya, da muka ji Anti ta tsufa tana zaune wurin 'yarta, mu uku muka shirya muka je gaishe ta da ɗan goro da turmin atamfa. Ido ya tafi, ba ta gane fuskokinmu ba. 'Yar ta ce mata ɗalibanta ne daga Sabo. Ta ɗaga kai, ta yi murmushi, ta buga gefen kujera da tafin hannu ta ce, "Sauna." Muka zauna. Babu wanda ya iya magana na ɗan lokaci. Ba ta daɗe ba bayan nan ta rasu, kuma har ta bar duniya ba mu ji an taɓa kiran sunanta a wani taro an ce an gode ba. Malam na zaure ma haka ya tafi, Allah ya jiƙansa da rahama.

Waɗannan sun wuce, ba mu biya su ba, ba kuma za mu iya ba. Amma ga wata nan da ranta, a unguwarmu, da yara hamsin a gabanta, kuma zango ya kusa ƙarewa. Shi wannan bawan Allah mai takardar haya ya riga ya ce a rubuta sunansa a wata biyu. Saura mu. Allah ya shirya mana zuriya, ya saka wa malamanmu da alheri.